Waƙar Baba a Bikin Kado

Yaya Habi,

Assalamu alaikum. Ina gajiya? Yaya ƙafar taki, yaya Malam da yara, yaya zafin Nguru? Mu nan Abuja lafiya lau.

Kin san waƙar yaƙin basasar da Baba ke rerawa ƙasa-ƙasa, yana jera sunayen abokansa sojojin da ba su dawo ba? Ita ɗana Sadiƙ ya ɗora wa kiɗan zamani a wani biki a Kado. A gurbin mamatan ya sa sunayen 'yan biki, ana ta rawa. Na miƙe zan kashe lasifikar, sai Baba ya riƙe min riga.

"Zauna, ɗan jarida. Yau duk wanda aka kira yana amsawa."

Amma tun ranar bai ƙara rera ta ba. Na kasa gane ko zuciyarsa ce ta huce, ko ƙwace masa aka yi. Sadiƙ na jiran izinina ya kai ta situdiyo, na rasa amsar ba shi. Sunayen kuma na gwada jerawa, ko rabi ban riƙe ba. Ke fa?

Ki sa mu a addu'a. A gaida Inna Talatu.

Ƙaninki,
Bala