Kayan da aka ce Baba Sale ya sata suna ƙarƙashin gadona

Assalamu alaikum mutanen wannan gida. Admin ki rufa min asiri ki ɓoye sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara, na jefa kaina cikin wani hali da hannuna, yau kwana goma sha ɗaya abinci ba ya min daɗi, kuma a garin nan babu wanda zan buɗe baki in gaya wa maganar ba ta koma kunnen mijina kafin la'asar ba.

Ni 'yar Kano ce, shekararmu huɗu a Guangzhou da maigidana da 'yarmu guda, Ilham. Shi aikin kago yake yi, 'yan kasuwa su sayi kaya shi kuma ya haɗa musu a kwantena ya tura gida. Ni kuma ina ɗan taɓa sana'ar takalma da jakunkuna, in saro a kasuwar Zhanxi Lu in tura wa masu haɗa lefe. Zamanmu a nan, bayan Allah, yayan mijina ne sila, muna ce masa Yaya Alhaji. Shi ya riƙe su tun rasuwar mahaifinsu, shi ya turo mijina China, kuma har yau in ya kira waya mijina miƙewa tsaye yake yi kafin ya ɗauka, ko da muna cikin cin abinci ne.

Farkon shekarar nan Yaya Alhaji ya ce a saya masa mota mai lantarki, irin manyan nan masu shiga daji, saboda ya gaji da shan mai zuwa gonarsa ta shinkafa can wajen Auyo, ga shi ya riga ya kafa sola a gida da gonar. Ranar karɓar motar tare muka je, don na ɗan fi maigida jin yarensu. Laoban ɗin wurin, wato mai kamfanin, da ya ji irin hanyar da motar za ta riƙa bi sai ya ce sam ba za ta tafi haka ba, ya sa aka haɗa mata kayan ceto. Ya shimfiɗa su a ƙasa yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya ni ina fassara wa maigida. Akwai wasu allunan roba guda biyu dogaye masu ƙuraje, da ake cusawa ƙarƙashin taya in ta kafe a taɓo ko yashi, da shebur mai naɗewa, da igiyar ja mai faɗi, da ɗan injin hura taya, da wani ƙaramin batir da ya ce shi ke tada ta in ƙaramin batirinta ya mutu, don wai ko babban a cike yake in ƙaramin ya mutu ko ƙofa sai ta gagara. Akwai safar hannu ta roba mai kauri saboda wuta, da fitila, da akwatin magani. Daga ƙarshe ya ɗaga wani ƙarfe mai kan zobe, bai fi tsawon tafin hannu da ɗan ƙari ba, ya nuna wani ɗan rami a gaban motar inda ake murɗa shi kamar noti, ya ce wannan ya fi duka, motar nan batirinta shimfiɗe yake a ƙasanta kamar katifa, ba a ɗaura mata igiya ko'ina sai a jikin ƙarfen nan. Sau uku ya maimaita, sau uku na fassara da bakina. Na faɗi wannan ne don kada wata ta zo tana kare ni cewa ban sani ba, na sani.

Maigida ya jera komai a but, ya ɗauki bidiyo yana kiran sunan kowanne, ya tura wa Yaya Alhaji. Washegari tafiya ta taso masa zuwa Yiwu ta kwana uku, ranar kuma ake loda kwantenar, sai ya ce in tsaya a kai. Duk wanda ya san harkar nan ya san ba a tura mota fanko, ana cika cikinta da kaya don kada wurin ya tafi a banza. Ya ce in sa takalmana a kujerun baya da duk inda na ga sarari, amma kayan nan na but kada in taɓa, har ya dawo daga bakin lif ya sake faɗa.

To ni kuma a lokacin ina da odar lefe biyu, ɗaya uwar angon ta ƙara kaya ana gobe lodi, an cika kujeru taf, katan uku suka rage a ƙasa, masu lodi suna ta ce min meyo, meyo, wato babu wuri. Na tsaya ina kallon allunan nan da jakunkuna biyu na sauran kayan ceton sun cinye rabin but, sai zuciyata ta ce ai yanzu rani ne, wa zai kafe a taɓo a watan Maris, kwantena ta gaba saura sati biyu, sai in cusa su a ciki ba wanda zai sani. Na sa aka fito da su aka zuba katan ɗina. Cajar motar kaɗai na bari, don na san ita za a fara nema. Na ɗauko sauran a tasi na kawo gida na tura ƙarƙashin gado, na jera akwatunanmu a gabansu.

Kwantena ta gaba maigida da kansa ya tsaya, kuma shi mutum ne da ko allura ba ta shiga sai ya auna ta ya rubuta. Na ce bari ta gaba. Ta gaban ma haka. Kullum in ce yau zan faɗa masa, in na ga fuskarsa ya dawo a gajiye sai in ce gobe, don ina tsoron faɗansa, ba ya duka ba ya zagi amma zai iya wata guda bai kalli inda nake ba, kuma a gidan da yake ɗaki ɗaya da falo a hawa na goma sha bakwai, ba uwa ba 'yar uwa, wannan shirun ya fi duka ciwo. Mota ta isa Legas, ejan ɗinmu ya sauke takalmana kamar yadda aka saba, aka kai ta Kano, aka yi ta murna ana turo hotuna, babu wanda ya tambayi komai. Wallahi har na fara mantawa, sai in na zo shara tsintsiya ta taɓa allon nan in tuna.

Wanda ya je Legas ya rako motar har Kano shi ne Baba Sale, direban Yaya Alhaji. Dattijo ne, ya fi shekara ashirin a gidan, shi ya koya wa mijina tuƙi, shi ya ɗauko ni ranar da aka kai ni, shi ya kai ni asibiti da naƙudar 'yata ya tsaya a bakin ƙofa har aka fito aka ce na sauka. Har yau Amarya yake ce min.

Satin da ya wuce na sama, ana tsakiyar damina, Yaya Alhaji ya ɗauki wasu baƙi biyu manya da yake son su ga gonar, Baba Sale na tuƙi. Da hantsi suka shiga wata fadama motar ta nutse har ciki, kun san nauyin motocin nan. Yaya Alhaji ya yi dariya ya ce wa baƙin kada su damu, motar da kayan cetonta ta zo, ya buɗe bidiyon mijina yana nuna musu, ya ce Sale buɗe but. Aka buɗe, ba komai sai caja da darduma. Suka yi ta fama da itace da duwatsu har azahar, daga baya aka samo tarakta, da yake babu ƙarfen nan mai zobe sai mai taraktar ya kwanta ya ɗaura sarƙa a inda hannunsa ya samu a ƙasa, ya fizga. Motar ta fito amma ta yage wani abu a ƙasanta, ta mutu murus, aka ɗora ta a babbar mota aka kai gida. Yanzu tana nan an lulluɓe ta, bakanike uku sun leƙa sun ce ba sa taɓa wayar wuta. Yaya Alhaji da babbar rigarsa ya taka taɓo har gwiwa a gaban baƙinsa.

Da yammarsu, mu nan dare ya yi nisa, ya kira mijina, ina jin muryarsa daga kicin. Mijina ya rantse masa da Allah cewa da hannunsa ya sa kayan, ga bidiyo shaida. Ejan ya ce shi takalma kaɗai ya sauke kuma yana da hoton hatimin kwantena ba a taɓa ba. Sai lissafi ya tsaya a kan mutum ɗaya, wanda ya kwana uku a hanya shi da mota. Yaya Alhaji ya karɓe makullai daga hannun Baba Sale a gaban 'yan aiki, ya ce ya zauna a gida sai ya tuna wa ya sayar wa. An ce abin da Baba Sale ya ce kawai shi ne, "Allah ya sani." Mijina ya juyo ya tambaye ni ko na ga wani ya taɓa but ranar lodi, na ce ban ga wani ya taɓa ba. Kun ga irin amsar, ni kaina na ji ƙyamar bakina.

Tun ranar mijina ke ta faɗa a kan Baba Sale, wai mutum ya tsufa a gidanku ashe ɓarawo ne, wai ya cuce shi ya sa yayansa ya fara shakkarsa. Yana zaune a bakin gadon yake wannan maganar, dunduniyarsa na dukan akwatin da ke tare kayan. Na ce masa Baban Ilham a dai yi bincike, dattijon nan bai yi kama da haka ba, ya ce ke kin fiye tausayi, ba ki san mutane ba.

Kada ku ɗauka ban yi tunanin hanyoyin ɓoye ba, duk na yi, shaiɗan bai bar ni ba. In zubar da su, ginin nan kamara ce tun daga lif har bakin titi, ga wata tsohuwa da ke tsaron wurin shara tana buɗe kowace leda, ta san ni ta san mijina, allunan kuma ruwan lemo ne mai ɗaukar ido, sun kusa kai min ƙugu, a me zan naɗe su. In tura su gida a ɓoye, duk masu kago na garin nan, 'yan Kano da 'yan Maraɗi, sahu ɗaya suke sallar Juma'a da shi, kafin kayan su kai sito an kira shi. Ko da sun isa ma wa zai ce daga ina suka fito, sai a ce Baba Sale ne ya ji wuta ya dawo da su, in ƙara tabbatar masa da satar. Na yi tunanin in kira Yaya Alhaji kai tsaye, amma wannan tona wa mijina asiri ne, ya rantse da Allah a kan abin da matarsa ta kwance a bayansa, da wane ido zai kalli yayansa, kuma na san Yaya Alhaji, zai iya cewa a tattaro a dawo gida, aikin shekara huɗu ya rushe saboda katan uku na takalma. In kuma mijina na faɗa wa, ban san ko auren zai kai gobe ba, ba don kayan ba, don watanni biyar da na yi ina kwana da shi a kansu, da amsar nan da na ba shi.

Masu zagi ku zaga, na cancanta, amma don Allah bayan zagin ku ajiye min shawara, don kaina ya kulle. Na san gaskiya zan faɗa, ban rasa sanin wannan ba, ni ba yarinya ba ce. Yadda zan faɗe ta nake nema, da wanda zan fara da shi.

Abin da ya sa na kasa ƙara kwana ban rubuto ba shi ne jiya da la'asar, ina cikin kasuwa ina duba samfur, saƙon murya ya shigo daga Baba Sale. Na koma gefen matakala na saurara. Bai yi ƙorafi ba, ya gaishe ni ya tambayi Ilham, sannan ya ce, "Amarya, alfarma nake nema. Ke kike jin yarensu. Ki tambayar min mutumin da ya sayar da motar nawa kayan nan suke, zan sayar da babur ɗina a sayo wasu a sa wa Alhaji, ko ya huce. Ban ɗauka ba, amma a hannuna aka ba ni amanar motar." Ina jin kaji a bayansa, sai ya ƙara da cewa, "In da hali kuma ki turo min hotonsu. Jikokina na tambayata me aka ce na sata, ni kuwa ko kalarsu ban sani ba."

Har yanzu ban ba shi amsa ba, kuma ya ga alamar na saurara. Hoton da yake roƙo ba sai na je wurin laoban ba, durƙusawa kawai zan yi in ja akwati. Mijina zai dawo daga sito nan da awa biyu. In fito da kayan in shimfiɗa a tsakar falo ya shigo ya gani da idonsa, ko in fara kiran Baba Sale in nemi gafararsa tun kafin ya kai babur ɗin kasuwa? Wadda ta taɓa faɗa wa miji irin wannan maganar kuma auren ya rayu, don Allah ta gaya min da wace kalma ta fara.