Amsata a Wayar Ndagi

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, da fatan kina lafiya, ke da Alhaji da yara. Yaya sanyin can, yaya kuma ciwon ƙafar? Mu nan Dutsen Kura kowa lafiya, sai godiya.

Saura mako biyu in shiga jarrabawar Turanci ta baka, wadda zan nemi aikin jinya da ita a wajenku. An ce sukan tambayi mutum ko yana ɗaukar hoton wurare masu kyau. Sai na shirya amsa a kan gonar marigayi Baba ta Garatu, yadda na ɗauke ta ranar da dawa ta yi kore shar bayan ruwa. Ndagi ƙanin mijina, da yake malamin Turanci ne, ya ce in riƙa faɗa yana gyara mini. Ashe naɗa yake da wayarsa.

Ranar sunan 'yarsa ya kunna a tsakar gida, cike da mutane. Aka ji ina in'ina, har inda muryata ta karye da na ambaci Baba. Ndagi ya ce, "Ku ji mai zuwa Ingila! Wannan Turancin ko tasha ba zai kai ta ba." Aka kwashe da dariya. Na dubi mijina ko zai tsawatar, sai ya ce a sake kunnawa.

Tun ranar, da na buɗe baki sai kalmomin su maƙale. Ki sa ni a addu'a, Yaya. Ki gaishe mini da kowa, amma don Allah kada Inna ta ji wannan.

Ƙanwarki,
Zainab