Tattabarun Maƙwabci Sun Gama da Shanyata

Assalamu alaikum, Yaya Hajara.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jikin Inna, ƙafar ta yi sauƙi? Ya maigida da yara? Ni lafiyata ƙalau, raina ne dai a ɓace.

Tun da likita ya hana ni nama da ƙwai da madara, daga wake sai ganye nake ci. Ɗakina na saman bene a nan unguwar Darrasa kuwa ba wutar lantarki, balle firji. In na dafa wake da safe, kafin la'asar ya yi yami.

Sai na ce bari in yi shanya irin ta Inna. Na sayo tumatir da kuɓewa da tattasai, na yanyanka, na baza a tabarma, na tafi karatu. Ashe maƙwabcina Ammu Sayyid tattabaru yake kiwo. Na dawo na tarar sun tattake shanyar, sun yi mata kashi kaca-kaca!

Na hau shi da faɗa, shi kuwa ba abin da yake cewa sai "Ma'alish," wato "yi haƙuri" da Larabcinsu. Washegari sai ga shi da kwano, tattabaru biyu soyayyu, an cusa musu shinkafa. Ya ce, "Ci abinka, su ne ɓarayin." Ba halin ci, ba wurin ajiyewa, mayarwa kuma rashin kunya ne. Haka na zauna ina shaƙar ƙamshi ina tura gayan wake.

Don Allah in kin sami mai zuwa, ki aiko min da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ki gaida kowa. Inna ta sa ni a addu'a, amma kada ki ba ta labarin shanyar nan.

Ƙaninki,
Sabi'u