Hoton da Ke Saman Talabijin

Ƙanena,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin Inna? Ƙafar ta daina kumbura? Ka gaida matarka da yara. Ni lafiya lau nake, hannuna ne kawai ke tsattsagewa saboda ruwan sabulu, shi ma da sauƙi.

Na ga kashin farko na wasan barkwancin da ka rubuta wa talabijin. Abokin aikina ne ya kunna mana a waya lokacin hutu. Ana farawa sai ga mai shara ya jingine tsintsiya, ya zura kwat ɗin manaja, ya haye kujerarsa yana ɗaukar hoton da zai tura wa uwarsa. Nan take kowa ya riƙe ciki. Wani har ya ƙware, yana cewa, "Wallahi sai na ga ƙarshen wannan wawan!"

Ka iya aikinka, ban musa ba. Ka taɓa ce mini in mai kallo ya tausaya wa wanda yake yi wa dariya tun ranar farko, to ya kamu. Ashe da ni za ka gwada. Kai kaɗai na gaya wa yadda na ɗauki hoton nan, ka rantse ba mai ji. Ko launin kwat ɗin ba ka canza ba.

Allah ya ƙara ɗaukaka. Roƙona ɗaya ne. Hoton nan nawa yana rataye a ɗakin Inna, saman talabijin. Ka sauke shi kafin a maimaita wasan ranar Asabar.

Yayanka.