Sabulun Askin Baba

Ƙanena,

Na yi sammako kana barci. Askin gemun Baba yau yana hannunka.

Jiya na yanke shi a haɓa, na ɗora wa reza laifi. Gaskiyar ita ce gaggawa ta hana ni jiƙa sabulun nan mai tauri, kumfar ta fito tsararo. Ya ce, "Ba komai, fatar ce ta tsufa." Maganar ta tsaya mini a rai.

Ka jiƙa mai taurin a ruwan ɗumi minti biyar, ka juya buroshi har kumfa ta yi kauri. Mai laushin ya fi saurin kumfa, amma Baba ba ya son ƙamshinsa.

Ka shaida masa fatarsa lafiya lau take. Sauran bayanin, da bakina zan yi masa.

Yayanka