Tsingaron Da Muka Shanye

Da sunan Allah. Ni Safiyyatu, mazauniyar Harra ta Gabas a Madina, na rubuta wannan ga 'ya'yana biyu, Abdulwahab da Raliya, a Rajab na 1424. Jiki ya ƙi, amma hankalina garau yake.

Na ɗaya. Gida da tarkacena a raba bisa shari'a. Ba a kansu kuka ɓata ba.

Na biyu, maganar tsingaron nan. Mahaifina ya tsince shi a gaɓar Nilu yana tahowa hajji a ƙasa. Ya ga baƙin rubutu a jikin fasasshiyar tukunya, ya ɗauka hannun wani waliyyi ne, ya naɗe shi a rawaninsa. Duk yaron da ya yi zazzaɓi a gidanmu, sai a tsoma shi a kwano a ba shi ruwan. Na sha, ku ma kun sha.

Abdulwahab, ka dawo daga jami'a ka ce rubutun mutanen Fir'auna ne, shansa kuwa shirka. Ka kai shi gidan tarihi a Masar ba ka shawarci kowa ba. Kana da gaskiya, na kuma yi istigfari, amma gaskiyarka ba ta da ladabi. Masanan can sun ce sun kasa karanta komai sai rabin wani suna, tawadar ta wanke. Ina za su karanta, sauran yana cikinmu?

Raliya, ke kika je kika gan shi a bayan gilashi, da lamba a gefensa, ba sunan kakanki. Tun ranar ba ki ƙara yi wa yayanki magana ba. Taurin kan nan nawa ne, na san ba ya jin magani. Ki bar tsingaron a can, kada ki nemi a dawo da shi.

Na uku. Rawanin na Abdulwahab ne, kwanon na Raliya.

Na huɗu. Na roƙe ku sulhu da kuka, na roƙi Allah a Rauda cikin Masallacin Annabi, na aika dattawa har garin Yanbu wurin Abdulwahab. Na gaji, kuma na daina sa rai zan gani da idona. Wannan ya fi ciwon da ke ƙirjina zafi.

Saboda haka Raliya ce za ta wanke ni, ba matan asibiti ba. Abdulwahab ne zai ɗauke ni zuwa maƙabartar Baƙi'a, kada wani ya karɓe ni a madadinsa. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya zuri'arku, ku riƙe juna in za ku iya. In ba za ku iya ba, a bakin ƙofa dole ɗaya ya miƙa ni ga ɗaya. Ko sannu ce, ku ce wa juna.