Ƙaramin akwatin wuta na uwarku ne

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ni ne Maitama, tsohon direban hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi. Ƙafafuna sun gaza, amma hankalina garau yake, kuma ba wanda ya tilasta ni. Zuwa gare ku, Rilwanu da Anwar da Rahama.

Gida da gona, a raba yadda shari'a ta ce. Abin da ya dame ni shi ne akwatunan ajiyar wutar nan biyu da muke caji da sola. Na riga na kyautar da su ina raye, a gaban liman Malam Muhtari, don kada su shiga gado.

1. Babban na Rilwanu ne. Yana ɗaukar firiza da fanka da wayoyin rabin unguwa, shago ne wurinsa.

2. Ƙaramin na uwarku Ladidi ne, shi da injin da take shaƙar maganin asma da shi. Kada a raba su.

Kun san ni da taurin kai. Na saba auna kaya da nauyi kamar buhun gero, don haka babban na fara saye, ina yi wa Rahama dariya da ta ce a sayi wanda mace za ta iya ɗauka. Sai ga ranar da muke Moriki lokacin girbi, da hantsi aka ce 'yan bindiga sun kusa. Babban sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, ga motar ta cika da mutane. Muka bar shi, sai bayan mako aka ɗauko. Tun kafin Ƙaura ciwon uwarku ya tashi. Ga inji a cinyarta, ba inda za a jona. Na yi tuƙi shekara talatin, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Bayan nan ne na sayi ƙaramin. Rahama, ke ce da gaskiya, ban faɗa miki ba sai yau.

3. Cajin ƙaramin kada ya sauka ƙasa da rabi. Ba a jona masa dutsen guga, ba talabijin, ba wayar baƙo ko da surukinku ne. Wurinsa bakin ƙofar ɗakinta, cikin jakarsa.

4. Anwar, ka ƙarar da shi sau ɗaya kana kallon ƙwallo, ka yi kuskure. Rilwanu, ka mare shi gaban matarsa, kai ma ka yi kuskure, kuma kai ne babba. Wata bakwai ba ku gaisawa. Rilwanu, kai za ka fara zuwa gidansa. Na ɗora wa Anwar duba cajin kullum bayan azahar, don wanda ya taɓa jin wannan kunya ba zai sake ba.

5. In ya lalace, ku sayi wani irinsa. Mai shago zai zuga ku da babba. Ku ba uwarku ta ɗaga da hannu ɗaya, in ta iya, shi ne.

Allah Ya yi muku albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu cika da imani. Ku riƙe juna, ku yafe mini. Ranar da kuka dawo daga kai ni makwancina, kafin ku zauna karɓar gaisuwa, ɗayanku ya leƙa ya duba cajin. Za ta yi kuka ranar, kuma kuka na tayar mata da ciwon.